Jirgin da Inna Take Nufi

Talata: Kano zuwa Haɗeja

Ƙarfe biyar da minti arba'in na asuba muka fito daga gida, mu uku: ni, da mahaifiyata Inna, da 'yata Hindatu mai karatun ilimin muhalli a jami'a. Muna idar da sallah muka tari adaidaita sahu zuwa tashar motocin Haɗeja. Motata kuwa tana gida a lulluɓe, sai waiwayenta nake yi. Hindatu ce ta kafa doka, wai mutum uku ba za su ƙona man mota guda su kaɗai ba alhali ga ta haya za ta tafi ko da mu ko babu mu. Na yi gardama, ban ci ba.

Bari in faɗi abin da ya fito da mu, kada a ce mun rasa aikin yi ne. Sati uku kafin nan likitan ido ya kira ni gefe ya ce idon Inna na hagu ya riga ya tafi, na daman ma saura kaɗan. Ya ce duk abin da take son gani a duniya, a nuna mata bana. Muna dawowa gida na durƙusa gabanta na tambaye ta. Ta ce, "Babana, jirgi nake so in hau." Babana take ce mini, don sunan mahaifinta aka sa mini.

Ni ɗan kasuwa ne, kayan waya nake sarowa daga waje, jirgin sama ya zame mini kamar motar unguwa. Duk hutu sai na kwashi iyali mun tashi, mu dawo da hotuna da akwatuna. Ai kafin la'asar na sa an kama mana kujeru zuwa Dubai. Hindatu ta dame ni da mita. "Abba, hayaƙin jiragen nan yana cikin abin da ke ƙara wa duniya zafi, damina ta rikice. Tafiyar da ta zama dole, to, babu yadda za a yi. Amma ta shan iska?" Na ce ke dai ki ji da karatunki, kujera uku ba za su hana jirgi tashi ba. Ta ce, "Haka kowa yake cewa, shi ya sa kullum yake cika."

Na kai wa Inna takardar tikiti ina ta washe baki. Ta shafa ta, ta juya.

"Wannan fa?"

"Jirgin da kika ce, Inna."

"Na sama? Kai, Babana! Wanda na hau zuwa Makka na yi ta amai har Jidda? Allah ya kiyaye. Jirgin Baba nake nufi, na ruwa. A kai ni Goruba Uku."

Hindatu ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa kunya ta rufe ni, don wallahi na manta. Goruba Uku ƙauye ne a cikin fadama, can bayan Kirikasamma. A nan aka haifi Inna, mahaifinta shi ne mai fiton mutane da kwalekwale. Rabonta da garin tun rasuwarsa, sama da shekara arba'in. Na zaga ƙasashe, ban taɓa taka shi ba. Ranar na sa aka soke kujerun.

Motar ta cika ƙarfe shida da minti talatin da biyar. Kuɗin mota naira dubu shida kowane mutum, na biya wa Inna kujerun gaba duka biyu don ta miƙe ƙafa. Na ɗaga hannu zan kira mai fiya wata, Hindatu ta danne hannun ta miƙo mini gorar ruwa da ta cika daga gida. Na ce yau na ga ta kaina.

Bayan Gezawa aka tsayar da mu a shinge. Jami'in ya leƙo ya ga tsohuwa a gaba da farin gilashi, ya rusuna.

"Hajiya, ina zuwa da sassafe haka?"

"Jirgi za ni hawa, ɗana."

"Ayya, Hajiya, ai kun baro filin jirgi a baya!"

Direba ya ce, "Ƙyale ta, ranka ya daɗe, nasu jirgin ba ya buƙatar fili." Aka yi dariya, ya ɗaga mana katako.

Mun wuce Ringim takwas da minti goma. A Gujungu, inda hanyar Jahun ta haɗe da tamu, direba ya tsaya shan mai, muka sayi ƙosai mai zafi. Daga nan ƙasa ta fara canzawa. Kaka ce, damina ta janye amma ruwanta bai tafi ba. Dama da hagu shinkafa ta yi jajir tana jiran lauje, tsakaninta ruwa kwance yana ɗauke da sama gaba ɗayanta, balbelu na tsaye a ciki ba sa ko motsi. Surutun mota ya mutu da kansa. Inna ta sauke gilashin taga har ƙasa ta kafa fuskarta a iska. Na tambaye ta me take gani. Ta ce, "Haske dai. Amma ina jin ƙamshin laka. Mun kusa."

Mun shiga Haɗeja goma da minti ashirin da biyar, tafiyar kusan kilomita ɗari biyu. Masaukinmu gidan Yaya Lami ne, 'yar yayar Inna, mai sana'ar bandar kifi. Ta rungume Inna suka yi kuka suka yi dariya, sannan ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yau mutanen sama ne a ƙasa? Lallai za a yi ruwa." Ta sauke mana tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa. Na ci har na kwance maɓallin riga.

Da la'asar, muna zaune a tabarma ƙarƙashin darbejiya, Inna ta faɗi inda za mu. Fuskar Yaya Lami ta sauya.

"Inna, Goruba Uku ai kufai ne yanzu. Tun wata ambaliya mutane suka tashi suka koma tudu. Hanyar ruwan ma kacala ta cinye ta, ba mai zuwa."

Kacala wata doguwar ciyawa ce da ta mamaye fadamar, ta toshe magudanai. Inna ta ci gaba da jan carbinta. Ni ne abin ya dama. Na raba ta da gida, na sa mata rai, in aka ce ba hanya me zan ce mata? Kuma babu wata shekarar da za mu jira.

Laraba: Kirikasamma da cikin ruwa

Shida da kwata muka bar Haɗeja a wata tsohuwar mota mai ɗauke da buhunan gishiri. Kilomita talatin da 'yan kai, muka sauka Kirikasamma bakwai da minti goma. Daga nan zuwa bakin ruwa babu hanyar mota, ni kuwa ba zan ɗora Inna a babur ba. Allah ya haɗa mu da mai amalanken shanu da ya sauke shinkafa zai koma. Ya shimfiɗa buhu, muka hau. Kilomita biyar muka yi a awa guda cur. Da fari ina ta duba agogo, daga baya na daina. Ƙafafun amalanke na kuka a hankali, bijimai na kaɗa wutsiya, Inna na gyangyaɗi a kafaɗar jikarta.

A bakin ruwa mun tarar da jirage biyu. Na nufi mai inji kai tsaye, hali zanen dutse. Mai shi ya ji inda za mu ya girgiza kai. "Alhaji, ko nawa za ka ba ni, inji ba ya shiga kacala. Farfela za ta naɗe, mu kwana a can. Sai dai Malam Bukar." Ya nuna wani dattijo siriri da ke gyaran komar kamun kifi a gindin kwalekwalensa na katako.

Malam Bukar ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Shekara bakwai rabona da wajen. Hanyar ta ɓace mini."

Inna ta matso tana dogara sanda. "Kai ɗan wane gida ne?" Ya faɗa. Ta ce, "Mahaifina ne ya ƙetare da uwarka ranar da aka kawo ta amarya, ina zaune a goshin jirgi. Kai dai tuƙa."

Ya ajiye koma, ya durƙusa ya gaishe ta da kyau, ya ce, "Bisimilla, Iya."

Tara saura minti goma muka tashi. Malam Bukar na tsaye a baya da doguwar gorar tuƙi, yana kafa ta a ƙasa yana turawa. Ban san akwai shiru irin wannan a duniya ba. Ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga jikin gorar. Bado ya buɗe fari fat har iyakar gani, jirgi na ratsa shi, yana komawa ya rufe a bayanmu kamar ba mu wuce ba. Wani masunci ya gifta kwance a kan ƙaton goran duma yana tuƙi da hannu, ya yi mana sallama ba tare da ya ɗaga murya ba. Agwagin kirinjijiya suka tashi a garke suna fito. Zalɓe guda ya bi mu da ido. Na ciro waya, babu sabis, na mayar da ita aljihu, kuma ban ji na rasa komai ba.

Hindatu ta nuna wasu ƙananan tsuntsaye masu dogon baki a gefen laka. "Abba, waɗancan daga Turai suke zuwa duk shekara." Malam Bukar ya ce, "Baƙinmu ne na kaka. Da sun fi haka yawa." Na ce to su wa ya yanka musu tikiti? Hindatu ta ce, "Su ba sa barin hayaƙi a baya, shi ya sa ba a tambayar su." Inna ta ce, "Ku biyun nan ku rufa mini baki, ina sauraro."

Goma da rabi muka iso kacala. Bango ce, tsawonta ya ninka na mutum, kore shar, ba ƙofa. Malam Bukar ya sami wata 'yar kafa ya cusa jirgi. Ciki zafi, iska ba ta shiga, sauro kuwa kamar an aiko su. Yana tuƙi yana ba mu labari: da ruwa yana zuwa da lokacinsa ya tafi da lokacinsa, ƙasa ta bushe a yi noma. Yanzu tun da aka datse koguna a sama, damina kuma ta zama ba ta da alƙawari, wani wurin ruwa ya ƙi tafiya, wani wurin ya ƙi zuwa. Inda ya zauna, kacala ta gaje shi, tsuntsayen jan-baki su yi sheƙa a ciki su cinye shinkafar mutane.

Na dubi Hindatu na ce, "To, saura ki ce jirgina ne ya shuka ta."

"Ban ce ba, Abba. Dalilai ne da yawa suka taru. Amma zafin da ake ƙarawa can sama, irin su Malam Bukar ne suke fara shan sa, su da ba su taɓa hawa ba."

Sai na kashe sauro.

Mun yi kusan awa guda muna zagaye. Sau biyu muka dawo kan karan da Malam Bukar ya karya don shaida. A na uku ya dogara da gora ya share gumi. "Iya, ki gafarce ni. Ban san gabas ba, ban san yamma ba." Na ce, "Inna, ko mu koma? Kin dai hau jirgi."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta naɗe hannun rigarta, ta ce Hindatu ta riƙe mata zane ta baya, ta sunkuya ta tsoma hannu cikin ruwa har gwiwar hannu.

"Tura a hankali, Bukar."

Ya tura. Ta rufe ido.

"Wannan ruwan kwance ne, da ɗumi. Yi dama." Ya yi. "Ƙara." Can ta ɗaga ɗaya hannun. "Tsaya. Ka ji shi? Sanyi. Baba ya ce ruwan hanya ba ya ɗumi, don tafiya yake yi. Ciyawa ta rufe masa fuska ne kawai, yana nan a ƙasa."

Malam Bukar ya kafa gora, ta nutse fiye da da. Ya ce, "Allahu akbar! Tsohon kwarin ne."

Ya zaro lauje daga ƙasan jirgi ya miƙo mini. Ni da ban taɓa riƙe abin da ya fi biro nauyi ba, na durƙusa a goshin jirgi ina yankan kacala, shi yana turawa, Inna na cewa dama, hagu, miƙe. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, shaddata ta koma kalar laka. Hindatu na ta cewa sannu Abba, amma ina jin dariya a muryarta.

Sha biyu da minti ashirin ciyawar ta buɗe. Muka faɗa wani fili na ruwa, shimfiɗe, ba ko motsin iska a kansa. A tsakiya ga tudu, a kan tudun ga goruba tsaye. Inna ta cire gilashinta, ta rufe idon hagu da tafin hannu, ta ƙura na daman. Ta daɗe.

"Babana."

"Na'am, Inna."

"Biyu nake gani. Idona ne, ko ɗaya ta faɗi?"

Na ƙirga, ko da yake babu abin ƙirgawa.

"Ɗaya ta faɗi, Inna. Ga kututturenta can. Idonki daidai yake."

Sai ta yi dariya, irin wadda ban ji ta yi ba tun ina yaro. "To alhamdu lillahi. Ashe ban makance ba tukuna."

Mun sauka. Babu gini ko ɗaya, sai tarin ƙasa da fasassun tukwane. Ta bi da mu da sandarta tana cewa nan ɗakin Baba, nan rumbu, nan ake ɗaure jirgi. Ta tsaya a gabas da gorubar inda maƙabarta take, muka yi wa mamatan da ke ciki addu'a. A nan muka yi azahar, Malam Bukar ya ja mu. Muka ci gurasa da bandar kifin da Yaya Lami ta ƙulle mana. Hindatu ta tattara ledar da takardar har da ƙayar kifi ta cusa a jaka, ni da kaina na tsinto wata leda da iska ta ɗauka. Inna ta tsinci 'ya'yan goruba biyu ta ɗaure a bakin mayafi.

A hanyar dawowa, da muka fito daga kacala muka shiga bado, ta ce Malam Bukar ya huta ya ba ni gora. Na ce Inna zan kifar da mu. Ta ce jini ba ya ƙarya. Na miƙe na karɓi gora, jirgi ya yi ta juyi kamar mai neman abin da ya yar, daga baya ya miƙe. Rana ta yi sanyi, ruwa ya koma ja. Inna ta jingina da Hindatu, hannunta ɗaya na jan ruwa, idonta a lumshe. Na kafa gora da ƙarfi, ruwa ya fantsama. Sai na ji ta ce, da wata siririyar murya ta yarinya, "Baba, a hankali mana, za ka jiƙa mini zane."

Ban san ko da ni take ba. Na ce, "To," na rage hannu.

Mun iso bakin ruwa biyar saura kwata, muka kai Haɗeja ana kiran magariba.

Alhamis: komawa gida

Bakwai na safe muka yi sallama da Yaya Lami. Ta cika mana kwali da kifi, ta kama tafin hannuna ta duba ta ce, "Yanzu ka zama ɗan gida." Wannan karon ta Malam Madori muka bi, muka ratsa Gumel, direba ya tsaya muka sayi fura da nono a wajen wata Bafulatana. Inna ta yi barci mafi yawan hanya, 'ya'yan gorubarta a cinya. Hindatu ta tambaye ni a hankali ina za mu hutu mai zuwa. Na ce tafiyar kasuwa dai ba zan iya bari ba, amma zan riƙa haɗa biyu a ɗaya. Hutu kuwa, akwai garuruwan da mota ke zuwa da ban taɓa gani ba. Ta ce in maimaita ta ɗauka a waya. Na ce ba ta da kunya.

Mun shigo Kano sha ɗaya da rabi. A ƙofar gida maƙwabciyarmu ta tare mu, ita ta san zancen Dubai ne. "Hajiya, har kun dawo? Yaya jirgi, ba ki yi amai ba?" Inna ta ce, "Ina fa! Babana ne ya tuƙa."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Yaya Lami, da mai amalanken da ban ko tambayi sunansa ba, da Malam Bukar. Hindatu ma na gode mata, amma kada a gaya mata.

Wata huɗu bayan nan idon Inna na dama ya rufe. Ranar da likita ya tabbatar, na shiga ɗakinta na zauna a bakin gado, na kasa riƙe hawaye. Ta lalubo kaina ta dafa.

"Kukan me kake yi, Babana? Me ya rage da za ka nuna mini? Biyu ne. Da idona na ƙirga."